BABI NA UKU: BAƘO MAI IYALI DA ZAƁEN UNGUWA A BIRNIN KANO, 1903 ZUWA 2015

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin kafuwar birnin Kano da yadda kasuwanci ya riƙa jawo baƙi zuwa cikinsa. Wannan babi kuwa zai duba wata tambaya wadda ta fi kusa da rayuwar yau da kullum, wato ina magidancin da ya yi ƙaura zuwa Kano da matarsa da 'ya'yansa yake sauka, kuma me yake dubawa kafin ya ce ga unguwar da ta dace da iyalinsa. An ware magidanci ne da gangan, domin matsalarsa daban take da ta ɗan ci-rani ko saurayi. Ɗan ci-rani yana iya kwana a zaure ko a shago ko a tasha, damina ta faɗi ya koma gida. Mai iyali ba shi da wannan sauƙi. Dole ya nemi ɗaki mai sutura da ruwan sha da makarantar yara da maƙwabtan da zai iya barin gidansa a hannunsu in tafiya ta kama shi.

Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a mafi yawan wannan tarihi kalmar zaɓe ta fi ƙarfin abin da yake faruwa. Kafin baƙo ya buɗe baki, akwai abubuwan da suka riga suka yanke masa hukunci, wato mai masaukinsa da dokar hukuma da abin da ke aljihunsa, daga baya kuma tsoron tarzoma ya shigo. Haka nan ma'anar unguwa ta gari ba ta tsaya wuri ɗaya ba, ta riƙa sauyawa daga zamani zuwa zamani.

3.1 Kafin Zuwan Turawa

Lokacin da Baturen Jamus Heinrich Barth ya zo Kano a shekarar 1851 ya ƙiyasta mazaunanta da kimanin mutum 30,000, waɗanda kan ninka a lokacin fatauci. Ganuwa ta kewaye fili mai yawan gaske, kuma babban ɓangarensa gonaki ne da kududdufai. Ke nan ƙarancin fili bai zama matsala ba a wancan zamani. Matsalar baƙo ita ce samun wanda zai tsaya masa.

Bafatake yakan sauka ne a gidan fatoma, wanda zai ba shi masauki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye. Idan zama ya yi daɗi ya yi niyyar ɗauko iyali, wannan maigida ne zai kai shi wurin mai unguwa a nuna masa kango ko fili ya gina. Haya irin wadda aka sani a yau ba ta yaɗu ba. Saboda haka baƙo kan zauna ne kusa da wanda ya sauke shi, wanda kuma galibi ɗan garinsu ne ko abokin sana'arsa. Sunayen unguwannin cikin birni kansu shaida ne. Akwai Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Ayagi ta Yarabawa da Dandalin Turawa inda Larabawan arewacin Afirka suka zauna, sannan ga Madabo ta malaman Wangarawa. A wajen ganuwa kuma akwai Fagge, wadda ake danganta asalinta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), inda ayarin raƙuma kan yada zango. A wannan tsari unguwar da ta dace da iyali ita ce wadda matar mutum za ta sami mai jin harshenta, in ta haihu a sami mai yi mata wankan jego, in an yi rashi a sami masu zaman makoki.

3.2 Rabon Gari a Ƙarƙashin Mulkin Mallaka

Sojojin Ingila sun ci Kano a ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Turawa ba su zauna cikin birni ba, sai suka kafa barikinsu a gabas, wajen Nassarawa da Bompai. Ƙa'idar da Gwamna Lugga ya shimfiɗa ita ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa, bisa hujjar kare kansu daga zazzaɓin sauro. Wannan ita ce unguwa ta farko a Kano da aka tsara musamman domin lafiyar mazaunanta, da filaye masu faɗi da itatuwa da hanyoyi, amma ba a tsara ta domin 'yan ƙasa ba. Wanda ya shiga cikinta daga cikinsu, kuku ne ko boyi ko mai gadi, a ɗakunan bayan gida.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya buɗe daga 1912. Kamfanoni da reluwe da ofisoshin gwamnati suka bukaci akawuna da masu sana'ar hannu, waɗanda yawancinsu daga kudancin Nijeriya da Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau suka fito. Domin su aka yanka Sabon Gari a 1913, da layuka miƙaƙƙu da fulotai masu lamba. Dokar garuruwa ta 1917 ta sanya shi ƙarƙashin majistare Bature maimakon Sarkin Kano, kuma a haka ya zauna har 1940 lokacin da aka mayar da shi hannun En'e. 'Yan kasuwar Siriya da Labanan, waɗanda Kanawa ke kira Kwara, aka ba su wuri a kudancin Fagge, wajen da Kantin Kwari yake. Tudun Wada da Gwagwarwa kuma suka zama matattarar leburori da tsofaffin sojoji da sauran 'yan Arewa waɗanda ba Kanawa ba, suka kuma cika sosai bayan Yaƙin Duniya na Biyu (1939-1945).

Ta haka gari ya rabu gida biyu, Birni da Waje, kuma addinin baƙo da asalinsa da aikinsa su ne suka riƙa nuna masa ɓangaren da zai nufa. Wanda ba Musulmi ba ba ya samun wurin zama a cikin ganuwa. Musulmi mai mutunci a idon Kanawa, musamman malami ko attajiri, ƙofa a buɗe take gare shi. Misali a nan shi ne Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, wanda ya yi fataucin goro a Kurmi, ya dawo Kano daidai lokacin buɗewar cinikin gyaɗa, ya kafa gidansa a Sarari kusa da Koƙi, inda zuriyarsa ta yaɗu. Leburan da ya zo ɗaukar buhunan gyaɗar nan kuwa, ko da Musulmi ne Bahaushe, sai dai ya nemi ɗaki a Fagge ko Tudun Wada.

Akwai wani kuskure da ya kamata a gyara a nan. Sau da yawa akan ɗauka Sabon Gari tun farkonsa unguwar Kiristocin Kudu ce zalla. Ba haka ba ne, domin a shekarunsa na farko akwai Hausawa da Nufawa da Yarabawa Musulmi masu yawa a ciki. Sannu a hankali ne ya rikiɗe, musamman da Inyamurai suka yawaita. Abin lura shi ne yadda mutum biyu za su dubi unguwa ɗaya su ga abu biyu. A wurin magidanci Bahaushe, Sabon Gari wuri ne da aka halatta sayar da giya, ga otal-otal da gidajen rawa, saboda haka ba wurin da za a yi wa yaro tarbiyya ba ne. A wurin akawun reluwe da ya zo daga Onica ko Abekuta kuwa, nan ne kaɗai yake da coci da makarantar mishan da ƙungiyar 'yan garinsu da kasuwar da matarsa za ta sami abincin da ta saba da shi. Kowannensu iyalinsa yake dubawa, kuma kowannensu yana da gaskiya daidai gwargwado. Abin da ya dami Sabon Gari a zahiri shi ne cunkoso, domin an yi masa iyaka, mutane kuwa suna ta ƙaruwa, sai masu fulotai suka riƙa cusa ɗakunan haya a duk inda sarari ya rage.

3.3 Matar Aure da Yara a Cikin Lissafi

Mafi yawan abin da aka rubuta game da unguwannin Kano ya fi mayar da hankali kan siyasa da ƙabilanci da aikin masana'antu, kamar yadda ake gani a ayyukan Paden (1973) da Lubeck (1986). A ra'ayin mai wannan nazari, ba za a fahimci zaɓen unguwa ba sai an shiga tsakar gida, domin maigida ne yake kama ɗaki, amma matarsa ce take wuni a cikinsa.

Ginin Bahaushe na gargajiya an yi shi ne domin sutura. Daga waje sai zaure, sai ƙofar gida, sai shigifa, kafin a kai tsakar gida inda mata suke. Baƙon namiji iyakarsa zaure. A irin wannan gida matar kulle tana da sararin da za ta yi daka da girki da wanki ba tare da idon wani namiji ya gan ta ba. Gidan haya na Waje kuwa, wanda ake kira gidan yawa, ɗakuna ne a jere suna fuskantar juna, kowane ɗaki da mai shi, makewayi ɗaya, madafa ɗaya, wani lokaci ma har da gwauraye a ciki. Matar da aka kawo daga ƙauye, inda ta saba da fili da dangi, sai ta tarar da kanta a ɗaki ɗaya ita da yara, ba ta da ikon fita, ba ta kuma da sakewa a ciki. Wannan ne ya sa tambayar farko da magidanci kan yi wa dillali ba ta kuɗi ba ce, sai ya ce, gidan na masu aure ne? Wannan ne kuma ya sa mutum kan yarda ya yi nisa da wurin aikinsa, ya je bayan gari ya yi ginin ƙasa mai ɗaki biyu, muddin dai zai kewaye shi da katanga ya ce nasa ne.

Sai dai kuma nisan yana da nasa hasara, wadda ita ma a kan matar take faɗawa. Binciken Schildkrout (1978) a cikin birnin Kano ya nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara a kan yara. Su ne masu sayo mata kayan haɗi, su kai talla, su karɓo bashi, su kai saƙo gidajen biki da suna. Irin wannan sana'a, ko ta ƙosai ce ko ta ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula, ba ta tafiya sai inda gidaje suke a cushe, akwai masu saye a kowane lungu. Matar da aka kai sabuwar unguwa, inda tsakanin gida da gida akwai gonar dawa, ta sami sutura amma ta rasa ciniki, ta rasa adashi, ta rasa ƙawayen biki. Ga wanda ya san cewa da wannan ɗan jari uwa take tara wa 'yarta kayan ɗaki, ya san ba ƙaramin rashi ba ne. Akan ji magidanta suna ƙorafin cewa mata ba sa son barin cikin gari saboda son hayaniya. Gaskiyar magana ita ce lissafi suke yi, kuma lissafin nasu daidai ne.

Abu na biyu shi ne ruwa. An buɗe aikin ruwan famfo da lantarki na En'en Kano, wanda ake jawowa daga kogin Challawa, a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926-1953). Tun daga lokacin kusancin unguwa da bututun ruwa ya shiga cikin abin da ke ɗaga darajarta. Amma bututu bai taɓa tafiya da saurin da gari yake tafiya ba, ko bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974. Inda famfo bai kai ba sai rijiya da 'yan ga-ruwa, kuma gida mai yara shida ba ya shan ruwa irin na gwauro. Sau da yawa rahusar da mutum ya samu a kuɗin haya, a wurin mai kurar ruwa take ƙarewa. Ga kuma kududdufai, waɗanda aka haƙa domin ƙasar gini, suka zama matattarar sauro da shara, suna kuma cin yara da damina.

Makaranta ba ta shiga lissafin talaka da wuri ba, domin makarantar allo tana ko'ina, duk inda malami ya sami zaure. Sai bayan shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976, da kuma yaɗuwar makarantun Islamiyya, iyaye suka fara tambayar nisan makaranta da ko yaro zai tsallaka babban titi kafin ya kai.

3.4 Faɗaɗar Gari Bayan 1967

Ƙidayar 1952 ta ba Kano kimanin mutum 130,000, ta 1963 kuma kusan 300,000. A wannan shekara ta 1963 ne aka fara aiki da tsarin raya birni na shekara 20 wanda Trevallion ya shirya, wanda aka yi nufin ya kai 1983. Abubuwan da suka biyo baya sun fi ƙarfin tsarin. An ƙirƙiro Jihar Kano a ranar 27 ga Mayu, 1967, da Audu Baƙo a matsayin gwamna har 1975, sai ga ma'aikatu sababbi da ma'aikatan da ke bukatar gidaje. Kuɗin man fetur ya shigo, masana'antu suka ƙaru a Bompai, aka buɗe wasu a Sharaɗa da Challawa. A daidai lokacin kuma farin 1972 zuwa 1974 ya koro manoma da makiyaya daga arewacin jihar da Jamhuriyar Nijar. Waɗannan ba 'yan ci-rani ba ne masu komawa, da iyalansu suka zo.

Daga nan hanya ta rabu uku. Manyan ma'aikata da attajirai suka gaji unguwar Turawa ta Nassarawa da Bompai, daga baya suka miƙa zuwa sababbin fulotan gwamnati. Matsakaitan ma'aikata suka sami gidajen da hukuma ta gina, irin su rukunin gidajen Kundila da na Gwammaja, da gidajen Shagari na Jamhuriya ta Biyu (1979-1983), ko kuma suka sayi fuloti a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Hotoro. Sauran jama'a, waɗanda su ne mafi rinjaye, sai suka bi manyan hanyoyin da suka fita daga gari. A hanyar Katsina aka sami Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa, a hanyar Zariya Unguwa Uku da Na'ibawa, a gabas Dakata da Kawaji da 'Yankaba, a yamma da kudu kuma Ɗorayi da Ja'en da Sheka. Ɗorayin da Hill (1977) ta yi nazari a farkon shekarun 1970 karkara ce ta manoma masu manyan gidajen gandu a warwatse cikin gonaki. Wanda ya san Ɗorayi a yanzu zai yi wuya ya gane wurin da take bayani.

Yadda aka yanka waɗannan unguwanni shi ne abin da Kanawa ke kira awon igiya. Manomi ko magadansa su kira dillali, a ɗauko igiya a raba gona fuloti-fuloti, a rubuta takardar ciniki da shaidu da sa hannun mai unguwa ko dagaci. Tun da kowane taku kuɗi ne, ba mai son barin fili domin hanya ko kwata ko makaranta ko maƙabarta. Sakamakon haka shi ne lungunan da motar kashe gobara ba ta shiga, da ambaliya duk damina, da firamare guda ga unguwa mai dubban yara. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, da nufin a sauƙaƙa wa kowa samu. A aikace kuwa neman fulotin gwamnati da takardar mallaka ya zama sai mai hanya da haƙurin zirga-zirgar ofis, talaka ya ci gaba da sayen awon igiya, wanda a idon doka ba shi da cikakkiyar kariya.

Duk da haka bai kamata a yi wa masu sayen awon igiya kallon marasa tunani ba, kamar yadda wasu jami'an tsara birane kan yi. Kakan mai wannan nazari yana cikin waɗanda fari ya koro a 1974. Ya yi shekaru yana haya a ɗaki ɗaya a Fagge da mata da yara biyar, kafin ya haɗa kuɗin rabin fuloti a hanyar Katsina, kusa da wasu mutanen garinsu da suka riga shi. Ya san babu famfo, ya san babu asibiti. Abin da ya saya shi ne kuɓuta daga mai gidan haya, da maƙwabtan da ya san iyayensu. Daga baya ta bayyana cewa dillalin ya sayar wa mutum biyu wani yanki na filin, aka yi ta shari'a a gaban mai unguwa har aka yanke masa ƙafa goma. Iyalin suna cikin gidan har yanzu. Tsohuwar al'adar nan ta sauka kusa da naka ba ta mutu ba ke nan, igiya kawai aka ƙara mata.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙara tura mutane waje. Kayan gini suka yi tsada, masana'antu suka fara rage ma'aikata, kuɗin haya a tsakiyar gari ya fi ƙarfin albashi. Su kansu 'ya'yan cikin birni, da gidajen gado suka yi musu kaɗan, sai suka bi baƙi zuwa bayan gari, musamman hanyar Gwarzo wajen Kabuga da Rijiyar Zaki, inda sabon mazaunin Jami'ar Bayero ya jawo jama'a. Wannan ya rage kaifin tsohon bambancin nan na ɗan Birni da ɗan Waje.

3.5 Tarzoma da Tsoro

Babu abin da ya sauya tunanin mai iyali game da unguwa kamar tarzoma. A watan Mayu na 1953 an yi kwanaki ana faɗa tsakanin Fagge da Sabon Gari kan rikicin siyasar neman mulkin kai, mutum fiye da 30 suka mutu. Kashe-kashen 1966 sun fi wannan muni nesa ba kusa ba, suka sa Inyamurai suka bar Kano, ba su dawo da yawa ba sai bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Darasin da 'yan Kudu suka ɗauka shi ne, cunkoson Sabon Gari da tsadarsa sun fi sauƙi a kan zama kai kaɗai a cikin waɗanda ba naka ba ranar da gari ya rikice.

Rikicin Maitatsine na Disambar 1980 ya koyar da wani darasi daban, domin wannan karon Musulmi ne a kan Musulmi. Muhammadu Marwa ya kafa sansaninsa a 'Yan Awaki, almajiransa suna ƙaruwa, suna mamaye filaye da gidajen maƙwabta shekara da shekaru, mutanen unguwa suna kai kuka ba a yi wani abin kirki ba. Gwamna Abubakar Rimi ya ba shi wa'adin tashi a ƙarshen Nuwamba, faɗa ya ɓarke ranar 18 ga Disamba, sai da sojoji suka shigo. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 4,177 suka mutu, da yawansu ba su da laifin komai sai na zama kusa da wurin. Tun daga nan tambayar su wane ne maƙwabta ta ƙara nauyi, masu unguwanni kuma suka ƙara sa ido kan wanda ake ba haya.

Tarzomar Oktoban 1991, wadda ta tashi kan zuwan mai wa'azin Kirista Reinhard Bonnke, da ta Mayun 2004 wadda ta biyo bayan kisan Yelwan Shandam a Jihar Filato, sun ƙara raba gari. A ta 2004 waɗanda suka fi shan wuya su ne baƙin da suka fita daga Sabon Gari suka zauna a unguwannin gefe irin su Sharaɗa domin kusa da masana'antu da arhar haya. Bayan kowace tarzoma akan ga motocin kaya suna kwashe iyalai, Kirista yana komawa Sabon Gari ko kusa da barikin soja da na 'yan sanda, Musulmin da ke tsakiyar Kiristoci shi ma yana neman inda 'yan'uwansa suka fi yawa. Abin takaici shi ne rabuwar da Turawa suka kafa da doka, wadda dokar ta daɗe da mutuwa, sai ga jama'a suna sake gina ta da kansu saboda tsoro. Harin Boko Haram na ranar 20 ga Janairu, 2012, wanda ya kashe aƙalla mutum 185, ya juya lissafin na ɗan lokaci, domin ofisoshin jami'an tsaro aka nufa, sai kusanci da su ya koma abin gudu.

Ban da waɗannan manyan fitinu akwai ƙaramar fitina ta kullum, wato 'yan daba da shaye-shaye. Uban da yake da 'ya'ya maza masu tasowa ya fi jin tsoron dabar da ke bakin lungu a kan tarzomar da kan zo shekara goma sau ɗaya. Shi ya sa unguwar da take da ƙungiyar sintiri da dattawan da ake jin maganarsu takan yi daraja ko da ba ta da kwalta.

3.6 Nisa da Abin Hawa

Ƙidayar 2006 ta nuna ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka yi birnin Kano da kewaye, wato Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nassarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, suna da mutum fiye da miliyan 2.8. A gari mai wannan girma kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Abin da ya sa zama a bayan gari ya yiwu ga ƙaramin ma'aikaci shi ne bas ɗin haya da acaɓa, sai kuma babur mai ƙafa uku na A Daidaita Sahu, wanda gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da shi a 2005 domin ɗaukar mata. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, waɗanda suka fi jin jiki su ne mazauna lungunan awon igiya masu nisa da titi, inda mai naƙuda ko mai ciwon dare ba shi da abin da zai fitar da shi.

Tsakanin 2011 da 2015 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta gina sababbin rukunan gidaje uku a gefen gari, wato Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, da tituna da magudanan ruwa da filayen makarantu, duk abin da awon igiya ya rasa. A takarda su ne amsar tambayar da wannan babi ya fara da ita. Sai dai farashinsu ya fi ƙarfin magidancin da ake magana a kansa, ga nisa da kasuwa da dangi, saboda haka da yawa daga cikin gidajen suka yi shekaru a rufe ba kowa, alhali gonakin da ke kewaye da su ana ta yanka su da igiya ana ginawa.